Ranar da Yaya Ya Ce A'a

Talata, bayan azahar

An sallamo Yaya daga asibiti. Alhamdu lillahi.

Mu uku muka shigo da shi gida: ni, da Anti matarsa, da Auta ƙaninmu. Ƙafar dama tana ɗan ja, hannun dama kuwa a cinya yake kwance kamar ajiya aka ba shi. Amma idon nasa ne, ba abin da ya same shi. Da muka zo wucewa ta ƙofar shagon kafintansa, wanda ke jikin gidan, sai ya juya yana kallon kwadon. Ni ban kalla ba. Tun ranar Asabar ɗin da ya faɗi a ciki ban ƙara kallon ƙofar ba.

Maganar ce dai babu. Mutumin da in ya ɗauko zance sai shayi ya huce a hannunka, mai kawo gyaran kujera ya wuni a shago bai samu ya faɗi abin da ya kawo shi ba. Yau in ya buɗe baki sai iska.

Anti ta shimfiɗa mini sallaya a kusurwar falo, inda ta saba. Yaya ya zama Kirista tun yana saurayi, ni da Auta muna kan addinin da aka haife mu a ciki, kuma sallayar nan ta girmi rabin kujerun gidan.

Na gaya wa Maigida zan riƙa zuwa kullum da safe, in koma kafin magariba. Ya ce to, amma in roƙa masa Anti ta riƙa ba ni sauran abinci in kawo, don shi da tukunya gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Ban yi kuka ba.

Laraba, da hantsi

Wata yarinya ta zo daga asibiti, aikinta koya wa irin su Yaya magana. Ban san akwai wannan aikin a duniya ba. Mai fara'a ce, ta durƙusa ta gaishe shi da Baba, ta yi masa magana kamar yadda ake yi wa babba, ba kamar wasu masu dubiya da ke ɗaga murya a kansa ba, sai ka ce kunnen ne ya tafi.

Ta ce kalmomin suna nan ciki, hanyar fitowa ce ta toshe. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ja murya kamar waƙa, a buga masa wani abu da hannu yana bi, kada a ƙara sabuwa sai ta farko ta zauna. Kullum da safe kuma a koma baya a maimaita na jiya.

Ina jin haka sai dariya ta kama ni, na rufe baki da mayafi. Ai haka aka biya mana karatu a makarantar allo. Kuma Yaya ne ke biya mini. Shi ya sa mini suna Sake, don ko na iya sai na ce a sake, tsoron kada in ci wani harafi. Har yau da jikokina Sake yake kirana.

Na ce wa yarinyar zan gwada. Anti ta ce gara ni, don ita ba ta da haƙurin da zai kai ta daga falo zuwa kicin.

Alhamis, da yamma

Ruwa. Ruwa. Ruwa. Tun safe. Ya kalle ni, ya kalli kofin, ya rufe ido.

Juma'a, bayan la'asar

'Yar Baba ta zo, 'yarsu tilo, da ƙaton cikinta, tana tafiya tana dafa bango. Anti ta yi ta faɗa, wa ya ce ta hau mota a wannan watan. Ta wuce ta zauna a gefen babanta, ta ɗauki hannun hagunsa ta ɗora a kan cikin. Aka yi sa'a abin ya motsa. Rabin bakin Yaya ya yi murmushi, ɗaya rabin ya tsaya yana jira.

Ta ce, "Baba, gadonka ya kusa samun mai shi."

Bari in rubuta zancen gadon nan, don yau shi nake ta tunani. Tun 'Yar Baba tana makarantar sakandare, ko saurayi ba ta da shi, Yaya ya samu wani katako da ya yi masa, ya zauna ya yi gadon jariri. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kowane katako da ramin da zai shiga. Ya haɗa, ya duba, ya kwance, ya ɗaure da igiya ya ɗora a saman shago. Muka yi ta yi masa tsiya. Auta ya ce gara ya yi wa jikan sandar tsufa ma gaba ɗaya ya huta.

Shi kuwa gadon nan ya zame masa abin wa'azi. Yakan ce mutane suna ɗauka Allah ya yi duniya ne, ta lalace, sannan ya zauna yana neman dabarar gyara, kamar kafintan da aka kawo wa kujera mai karyayyar ƙafa. Ya ce ba haka ba ne. Ceto, in ji shi, yana cikin zanen tun ba a yanka katakon farko ba. Tun babu sama babu ƙasa Allah ya riga ya shirya aiko Almasihu, ya riga ya san kowa da sunansa, kuma abin da aka shirya tun babu lokaci, lokaci ba ya cinye shi. Sai ya nuna saman shago da fensir ya ce jariri ba ya roƙon gado, zuwa yake ya tarar.

Ni kuma in ce masa mu ma mun san ba abin da ya taɓa zo wa Allah ba zata, amma a kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ni da shi hanya ta rabu. Kowace shekara sai na samu rana ɗaya na tambaye shi, a hankali, ko ba zai dawo ba. Amsarsa ba ta canzawa: "A'a, Sake. Sha shayinki."

Bana ban kai ga tambaya ba.

Lahadi, da azahar

Mutanen cocinsu sun zo bayan an tashi, suka cika falo. Na koma kicin na taya yanka lemu. Sun yi waƙoƙi, har da wadda Yaya yake ja musu, don shi ne mai babbar murya a cikinsu. Ta ƙofa ina hango Anti, idonta a kan bakinsa. Bakin bai motsa ba.

Da suka tafi ta wanke kofunan da na riga na wanke.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta.

Na samu guntun katako a bayan ƙofa, na ɗora a cinyata, ina bugawa da yatsa ina jan "ruwa" da murya. Ban lura ba ashe jikina ya fara ɗan rangaji, gaba da baya, kamar yadda muke yi muna yara. Bugun ma ya koma irin na can. Ban yi niyya ba, Allah ya sani, jiki ne ya tuna.

Sai Yaya ya buɗe baki. Karatun da muka fara da shi muna ƙanana, shi ya zubo, tiryan-tiryan, da irin jan muryar malaminmu, har inda malam yake tsayawa ya yi tari. Bai ci harafi ɗaya ba. Muryarsa ce, tana nan yadda take. Ya kai ƙarshe ya tsaya yana kallona, shi ma kamar bai san daga ina abin ya fito ba.

Anti tana bakin ƙofa da faranti. Ta ce, "Ya yi magana." Ta zo ta rungume kansa, tana dariya. Sannan ta ajiye farantin a hankali ta shiga ɗaki ta rufe.

Litinin, bayan la'asar

Na yi farin ciki. Ba zan ɓoye wa takarda ba. Na yi farin ciki iri biyu, kuma ɗayan ban san ko ina da hakkin yinsa ba.

Na kira yarinyar asibiti. Ta ce abin murna ne ƙwarai, hanya ta fara buɗewa. Ta ce haka yake faruwa, abin da mutum ya haddace yana yaro shi ke fara fitowa, wani ƙirga, wani waƙar reno, ba wai mutum ya zaɓa ba ne. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce don Allah ta gaya wa Anti da bakinta.

Laraba, da yamma

Gidan ya cika da dariya yau. Duk abin da aka ce, Yaya sai ya maimaita. Ruwa, ruwa. Ƙofa, ƙofa. Zarto, guduma, fensir, duk ya faɗa, ina bugawa yana bi. Anti ta ce "Anti kyakkyawa," ya ce "Anti kyakkyawa," ta ce shekara nawa tana jira, sai da ciwo ya zo.

Auta ya shigo daga aiki da makullin mota a hannu, ya durƙusa a gabansa ya ce, "Auta ya fi ni kyau." Yaya ya ce, "Auta ya fi ni kyau." Har ni sai da na yi dariya. Amma na kalli idonsa. Idon yana cewa wani abu dabam, irin kallon da yake yi wa Auta in ya taɓa masa kayan aiki. Bakin ya bi, mutumin bai bi ba.

Da na fito tafiya Auta ya ce zai sauke ni. A mota, da muka wuce gidan mai, ya ce ya ji abin da ya faru ranar Litinin. Ya ce Allah ne ya buɗe mana ƙofa. Ya ce yanzu duk abin da na biya masa zai faɗa, to me nake jira, kalma ce guda, in biya masa ya dawo gida. Auta ba mugu ba ne. Shi ma shekara da shekaru yana ɗauke da abin da nake ɗauke da shi.

Na ce zan yi tunani. Da na sauka na manta ban yi masa sai da safe ba.

Alhamis, bayan asuba

Na daɗe a kan sallaya.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Auta. A tsakar gida, yana wanke hannu a famfo. Na ce jiya ya ce ka fi shi kyau, kai ka yarda? Ya yi dariya ya ce ai gaskiya ce. Na ce to shi bai yarda ba, na gani a idonsa.

Na ce, "Auta, mutumin da ba zai iya ce maka a'a ba, in ya ce maka i, me ka karɓa? Ni ba zan kai wa Allah kalmar da na sato daga bakin marar lafiya ba. Bari ya samu bakinsa tukuna. Ranar da ya iya ƙi, zan tambaye shi, kamar kullum."

Ya ce, "In kuma bai samu ba fa, Malama?"

Malama yake kirana in yana jin haushina. Na ce to Allah ya fi mu sanin abin da ke cikin ƙirjinsa, kuma ya fi mu tausayinsa. Ya kashe famfon ya shige ciki. Amma da zai tafi ya gyara wa Yaya matashi, ya ce masa, "Yaya ya fi Auta kyau," Yaya ya maimaita, ya ce to an biya bashi, kada a kai shi ƙara.

Asabar

Asabar ce. Ban je da wuri ba.

Litinin, da hantsi

Na tarar da Anti a kicin tana goge murhun da ba shi da datti. Tun waccan Litinin take kauce wa idona, tana yi mini ladabin da ba mu saba ba. Yau na rufe ƙofar kicin na tsaya.

Ta fara da cewa ba ta zarge ni ba. Sannan abin ya ɓalle. Ta ce kullum in za su kwanta tana kiran sunan Yesu a kunnensa, yana maimaitawa, amma kamar yadda yake maimaita ƙofa da guduma. Ta ce ba ta sani ba ko ya san wanda yake kira. Ta ce in ya manta fa? In abin da ya riƙe tun yana saurayi ya goge, ya tafi a haka? Fasto ya zo ya yi mata bayani mai kyau, ya ce ceto ba ya rataye a kan ƙwaƙwalwar mutum. Ta ce ta ji, kanta ya yarda, cikinta ne bai yarda ba.

Na rasa ta inda zan kama. Ba addinina ba ne, kuma ba na so in faɗi abin da ban yi imani da shi ba don kawai in share mata hawaye. Sai na ce mata ni dai abin da zan iya shi ne in tuna mata abin da mijinta yake cewa, don kunnena ya sha shi fiye da na kowa. Ya ce an yi gado tun jariri bai san kansa ba. In haka ne a wurinsa, to mantuwar jariri ba ta kwance gado.

Ta ce, "Na sani, Sake. Daga bakinsa nake so in ji. Shi da kansa, ba biyawa ba."

Na ce ni ma abin da nake jira ke nan. Muka kalli juna. Ta ce ai kuwa mu biyu muna jiran mota ɗaya, kowa da inda za ta. Muka yi dariya har ta zauna a kan buhun shinkafa.

Talata, bayan azahar

Mun raba aiki. Kalmomin gida da na shago nawa ne. Addu'o'insu da waƙoƙinsu na Anti ne, ita za ta faɗa, ni in riƙe mata bugun katako kawai, bakina a rufe. Na tambayi zuciyata a kan bugun, na ga taimakon marar lafiya ne ya samu abin da yake nasa, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ya sa daidai na gani.

Sai dai Anti ɗaliba ce mai wuya. Na ce ta yanka gajere, sai ta zubo layi guda ba numfashi. Na ce a tsaya sai ya zauna, ta ce ai ya zauna, a ƙara. Na ce a sake. Ta ce yanzu ta gane inda na samo sunana, kuma da ita ce malaminmu da ta kore ni. Yaya yana kallonmu, kafaɗarsa tana girgiza. Dariya yake.

Alhamis, da yamma

Yau ba ya so. Ya juya fuska bango. Mun bar shi.

Juma'a, da hantsi

Ya ce "shayi" ba wanda ya biya masa. Anti ta dafa har tukunya biyu.

Lahadi, bayan la'asar

'Yar Baba ta sauka. Mace. Lafiya lau, ita da uwar. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Anti ta tafi asibiti da takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa, ni na zauna da Yaya. Da aka turo hoton a waya na kai masa kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna bango, wajen da shago yake. Na gane. Na yi kamar ban gane ba. Ya sake nunawa.

Gobe za a kawo su nan, a nan za ta yi zaman jego. Dole a sauko da gadon.

Litinin, da safe

Ni na buɗe kwadon. Auta ya ce in ba shi makullin, na ce a'a.

Komai yana inda yake. Garin katako a ƙasa, da wurin da ya sharu, inda aka ja Yaya. Kofinsa a kan teburin aiki, abin da ke ciki ya bushe. Takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci. Na ɗauka na kaɗe, na riƙe a hannu, ban san me zan yi da shi ba. Ni na kawo masa shayin ranar. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na buɗe taga, rana ta shigo, sai wurin ya koma shago kawai. Na share. Auta ya hau tsani ya sauko da ɗaurin, ƙura ta zubo masa a ka, ya fito kamar ya tsufa a tsaye. Da muka kwance igiyar muka goge, katakon yana sheƙi kamar jiya aka yi.

Ban yi kuka ba. Atishawa dai na yi ta yi.

Litinin, bayan azahar

Wannan sai na rubuta shi dalla-dalla.

A falo muka baje katakan, a gaban kujerar Yaya. Auta ya ce shi zai haɗa, ai abu ne mai sauƙi, mutumin da ke kwance injin mota. Ya haɗa gefe uku. Na huɗun ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya danna da gwiwa, ya ƙi. Ya ce katakon ne ya kumbura da daɗewa. Anti tana cewa ya yi sauri, sun taso daga asibiti. Ya fita, ya dawo da guduma da ƙusoshi a baki.

Ya ɗora ƙusa a kan katakon. Ya ɗaga guduma.

"A'a."

Ba da ƙarfi ba. Amma duk muka tsaya. Ba wanda ya faɗi kalmar kafin shi. Auta ya juyo da ƙusoshi a baki. Yaya ya turo kansa gaba, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "A'a. Juya." Ya nuna da yatsa. Ashe kan katakon ne a ƙasa. A jikin katakon ma akwai 'yar alamar fensir da ya yi tun wancan lokacin, ba wanda ya duba. Auta ya juya, ya ɗora, ya ɗan taɓa da tafin hannu, abin ya shige kamar yana jira.

Yaya ya koma ya jingina, ya kalli Auta ya ce, "Direba."

Auta ya tofar da ƙusoshin ya zauna a ƙasa yana dariya yana share ido. Anti ta yi ta zagaya falo tana cewa a ba shi wani abin ya ƙi. Ta kawo masa maganin da ba ya so, ya ce a'a. Ta ce Auta ya fi shi kyau, ya ce a'a. Ta ce ita ta fi Sake iya koyarwa, ya kalle ta ya ce a'a, ta ce to ya isa haka, kada abin ya yi yawa.

Ana cikin haka mota ta tsaya a ƙofa.

Laraba, bayan la'asar

Gidan ya yi shiru yau, masu barka sun ragu. 'Yar Baba tana barci a ɗaki. An jawo gadon kusa da kujerar Yaya, jaririyar a ciki, hannunsa na hagu a kan katakon gefe. Auta yana zaune a bakin ƙofa. Anti ta kawo mana shayi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ita ta fara. Ba ta ja murya ba, ni ma ban buga katako ba. Ta tambaye shi kawai, kwanakin nan da ba ya magana, ya tuna da Yesu?

Ya daɗe. Bakin yana nema, yana kamawa, yana suɓucewa. Na ga Anti tana so ta taya shi, na taɓa mata kafaɗa.

Ya ce, "A'a."

Na ji numfashinta ya tsaya.

Ya ce, "Na manta. Duka. Suna... babu." Ya huta. Ya buga katakon gadon da yatsa, sau biyu, kamar yadda nake yi masa. "Shi bai manta ba." Ya kalli jaririyar, wadda ke barci da baki buɗe, ba ta san ma a kan me take kwance ba. "Gado tukuna. Sannan ita. Ni ma haka."

Anti ta kifa fuska a gwiwarsa. Ya ɗora mata hannu a ka. Can ta ɗago tana dariya, hanci duk ruwa, ta ce wa'azin da ya fi kowanne gajarta ke nan tun da ta aure shi, a bar shi haka.

Sai ya juyo gare ni. Ya ɗaga gira ɗaya. Ya san ina da tambaya, bana ban yi ba. Auta ya gyara zama.

Na ajiye kofi. Na ce, "Yaya, ka san abin da nake roƙa maka kullum, kuma ba zan daina ba. Ba za ka dawo ba?"

Ya kalle ni da idon nan nasa. Da wuya kalmomin suka fito, ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya ba shi ko guda.

"A'a, Sake." Ya nuna kofin da haɓa. "Sha... shayinki."

Amsar da ba na so ce. Shekara da shekaru ina jinta ina komawa gida da nauyi a ƙirji, yau ma nauyin yana nan, kuma gobe da asuba zan sake roƙo. Amma tasa ce. Yayana ne ya faɗa, da bakinsa, yana iya faɗin wata. Auta ya sunkuyar da kai, sannan ya tashi ya zo ya gyara masa matashi.

Na ce, "Sake faɗa."

Ya yi dariya, duka bakin, har ɓangaren da ke jira ya ɗan taso.

Na ɗauki kofin. Ya huce sarai. Na shanye a haka.

Na yi kuka, sosai, har jaririyar ta farka ta taya ni.